Tsoffin Kuɗin Hanyar Makka: Daga Kasuwar Kurmi Zuwa Hajj Yusuf

Unguwar Hajj Yusuf tana gabas da Shuɗin Nilu, a ɓangaren Khartum Bahri, kuma tana cikin wuraren da Hausawan Sudan suka yi kaka-gida a babban birnin ƙasar. Mafi yawansu jikoki ne da tattaɓa-kunnen mutanen da suka baro Kano, Katsina, Sakkwato, Zazzau, Haɗeja, Damagaram da Maraɗi da niyyar sauke farali. Wasu sun isa Makka sun juyo, guzuri ya ƙare musu a bakin Nilu. Wasu kuwa sun tsaya neman kuɗin jirgi, bana ta zama baɗi, har aka haifi 'ya'ya aka aurar da su. Wannan doguwar tafiya ba ta bar takardu masu yawa ba, domin talakan da ya taka sayyada daga Borno zuwa Suwakin bai rubuta zangon da ya yi ba. Amma ya riƙe kuɗi, kuma kuɗin ƙarfe yana ɗauke da abin da labarin baka kan zubar a hanya: shekara a rubuce, sunan mai mulki, wani lokaci har da garin da aka buga shi. Shi ya sa tsohon taro ko rubu'in riyal da ya rage a gidan gado ya cancanci a dube shi da idon tarihi kafin a kai shi wurin mai awon azurfa.

Wuri da liyari

A ƙarni na 19, kuɗin ƙasar Hausa wuri ne, wanda asalinsa daga tsibiran Maldibs na Tekun Indiya ake kawo shi. Yana da daɗin ciniki a kasuwa, domin da shi za a sayi goro ɗaya ko ludayin fura, amma yana da nauyi ƙwarai. Keso guda, wato wuri 20,000, kayan ƙato ne guda. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Ke nan abin da ɗan dako zai ɗauka yana nishi, azurfa takwas ce da za a ƙulle a bakin zani. Daga baya 'yan kasuwar Jamus suka riƙa jibgo wurin Zanzibar a gaɓar Afirka ta Yamma, darajarsa ta yi ta faɗuwa, har kafin ƙarshen ƙarnin farashin dala a Kano ya kusa ninkawa.

Ga mai niyyar Makka, matsalar ta wuce ta nauyi. Ko a Borno ma sai wajen 1848, zamanin Shehu Umar, wuri ya zama kuɗin kasuwa. Da an shiga Wadai da Darfur kuwa, ƙyallen saƙi ne ake ƙananan ciniki da shi, manyan ciniki kuma da azurfa. Don haka maniyyaci yakan sayar da gona ko shanu, ya mai da dukiyarsa abin da kowace ƙasa za ta karɓa, kuma babu abin da ya kai liyari karɓuwa.

Liyari shi ne riyal ɗin Mariya Tireza, sarauniyar Ostiriya. An fara buga shi a 1741. Ta rasu a 1780, amma da yake 'yan kasuwar Gabas sun riga sun amince da shi, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ba canji. Nauyinsa giram 28 ne da 'yan kai, kashi 83 cikin ɗari azurfa. A fuska ɗaya hoton sarauniya ne, a ɗaya fuskar mikiya mai kai biyu. Larabawa suna ce masa Abu Ɗair saboda tsuntsun, ko Abu Nuƙɗa saboda ɗige-ɗigen da ke jikin adon kafaɗarta. Ɗan kasuwa yakan shafa waɗannan ɗige-ɗige da yatsa. In ya ji sun shafe, ya san kuɗin ya ci jiki, sai ya rage masa daraja ko ya ƙi shi. Daga Kasuwar Kurmi zuwa Kukawa, Abeshe, El Fashir, El Obeid, Suwakin har Jidda, wannan azurfa ba ta buƙatar tafinta. A gida ma ba ta kwanta ba: maƙeran fari sun narka ta sun yi zobba da mundaye, mata sun huda ta sun rataya a wuya, Buzayen Agadas sun ƙera kayan adonsu da ita.

Riyal ɗin Omdurman

Ranar 26 ga Janairu 1885, dakarun Muhammad Ahmad Mahadi suka ci Khartum. Labarin bai tsaya a bakin Nilu ba, domin Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya riga ya yi masa mubaya'a ta wasiƙa daga Adamawa, kuma mutanen yamma da dama da hanyar hajji ta kawo Sudan sun shiga cikin Ansaru, wato mabiyan Mahadi. Ɗaya daga cikin ayyukan farko na sabuwar daular shi ne buga kuɗinta. Daga ganimar Khartum aka buga fam na zinariya irin na Masar, da riyal na azurfa a kan fasalin majidi na Daular Usmaniyya, amma a jikin riyal ɗin aka cire sunan Sarkin Istambul aka rubuta cewa da umarnin Mahadi aka buga, da shekarar Hijira 1302. A wancan zamani, buga kuɗi da sunanka shela ce ta cewa babu wani sarki a bisa kanka.

Mahadi ya rasu a watan Yuni na wannan shekara, Halifa Abdullahi ya gaje shi, ya kafa hedkwatarsa a Omdurman. A cikin Baitulmali aka ajiye maƙerar kuɗi, kuma har yau akwai unguwa a Omdurman mai ɗauke da wannan suna. Kuɗin Halifa suna da rubutun da ke cewa a Omdurman aka buga su, wasu da kalmar maƙbul, wato karɓaɓɓe, wasu daga baya da umla jadida, wato sabon kuɗi. Wanda ya jera su bisa shekarunsu zai karanta wahalar daular da idonsa. Na farko suna da azurfa mai auki. Sai yaƙin Habasha ya ci dukiya, hanyoyin ciniki da Masar da Suwakin suka toshe, ga yunwar shekarar 1306 ta Hijira, wadda mutanen Sudan ke kira Sanat Sitta, ta 1888 zuwa 1889. Azurfa ta yi wuya, sai aka riƙa ƙara tagulla a cikin gamin, har riyal ɗin ƙarshe ya zama kusan tagulla zalla.

Hukuma ta tilasta a karɓi sabon riyal da sunan darajarsa, amma kasuwa tana da nata hukunci. Mai liyari ko majidi sai ya ɓoye abinsa, ya fito da na Halifa, mai kaya kuma ya ɗaga farashi. Rudolf Slatin, Baturen da ya yi shekaru a tsare a Omdurman kafin ya tsere a 1895, ya bayyana wannan hali a littafinsa. Ranar 2 ga Satumba 1898 aka yi yaƙin Karari, daular ta faɗi, kuɗinta suka daina aiki. Abin da ya kashe su a kasuwa a lokacin shi ne ya sa masana ke neman su yanzu, domin kowane gami shaida ne na halin da baitulmali yake ciki a shekarar da aka buga shi. A yamma kuma, Sarkin Darfur Ali Dinar, wanda ya yi mulki daga 1898 zuwa 1916, ya buga nasa ƙananan kuɗi a El Fashir, garin da kusan kowane ayarin alhazan ƙasar Hausa yake yada zango.

Bayan Burmi

Shekarar 1903 ta sauya yawan masu bin wannan hanya. Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu, Sakkwato a watan Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya yi hijira zuwa gabas da jama'a masu yawa, aka cim masa a Burmi a watan Yuli, ya yi shahada a can. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a, bayan 'yan shekaru suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da ake kira Mai Wurno har gobe. Daga nan hanya ta buɗe. Shekara da shekaru mutane suna bi, wasu don hajji, wasu don gudun zama ƙarƙashin Nasara, da yawa don duka biyun.

Waɗanda suka biyo baya sun zo da sabon kuɗi a aljihu. Turawa sun hana shigo da wuri, suka nemi haraji da kuɗin ƙarfe. A 1907 aka buga kwabo da anini na farko, masu huda a tsakiya don a zura su a zare, da tauraro mai tsini shida, da darajarsu a rubuce da baƙaƙen Larabci. Aninin farko na alminiyam ne, yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka taɓa kashewa a duniya, amma bai jure gumi da damina ba, sai aka koma gamin tagulla da nikel a 1908. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, a 1913 kuma ta fito da na azurfa: taro, sisi, sule da dala. Sule kwabo 12 ne, taro kwabo 3, wato rubu'in sule. Taron azurfa ɗan ƙarami ne, bai kai giram ɗaya da rabi ba, amma da shi talaka ya fi hulɗa, a cefane da sadaka da kuɗin laraba na makarantar allo.

Azurfar ba ta daɗe ba. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya farashinta ya hau, mutane suka riƙa ɓoye ta suna narkawa, sai a 1920 hukuma ta koma buga su da farin ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Saboda haka taro ko sule mai shekara tsakanin 1913 da 1919 azurfa ce mai kyau, kuma in aka same shi a gidan Bahaushen Sudan, yana iya zama alamar lokacin da kakan gidan ya taso. Haka nan akwai kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya hau gadon sarautar Ingila a Janairu ya sauka a Disamba. A Ingila kuɗinsa bai shiga kasuwa ba, amma a ƙasar Hausa ya shiga, domin kwabo mai huda ba ya buƙatar hoton sarki, suna kawai ake rubutawa.

Girshin Jazira da rubu'in Makka

A Sudan ta zamanin haɗin gwiwar Ingila da Masar, daga 1899 zuwa 1956, kuɗin Masar ne ke aiki: fam ɗaya girshi 100, girshi ɗaya milim 10. Layin dogo ya isa El Obeid a 1912, ya rage wa matafiya wahalar ƙafa. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, kuma ƙwadagon mutanen yamma ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan aikin. Bahaushe ya tsinci auduga, ya yi noman dawa, ya yi ga-ruwa da wanzanci da sayar da tsire, wanda Sudan ta karɓa da sunan agashe, yana tara ta'arifa a kan ta'arifa. Ta'arifa rabin girshi ce, shilin girshi biyar, riyal girshi goma. Da irin waɗannan ƙananan kuɗi aka biya jirgin ruwan Suwakin zuwa Jidda, da su kuma aka sayi filayen da suka zama unguwannin Hausawa a Wad Madani, Gadarif, Kassala da Fort Sudan. Masanin nan Bawa Yamba ya yi bincike a ƙauyukan Jazira, ya tarar da mutanen da aka haifa a Sudan, iyayensu ma a nan aka haife su, amma suna ɗaukar kansu alhazai da ke kan hanya.

Wanda Allah ya nufa ya ƙetare Bahar Maliya, wani kuɗin yake tararwa. A 1928 Sarki Abdul'aziz ya buga riyal na azurfa da rabinsa da rubu'insa. A 1935, wato 1354 ta Hijira, aka rage girmansa ya yi daidai da rufi na Indiya, giram 11.66, rubu'insa kuma bai cika giram uku ba. Babu hoton mutum a jikinsa, sai sunan sarki, da takubba biyu da dabino, da rubutun da ke ambaton Makka. Da yawa daga cikinsu a ƙasashen waje aka buga su, har da maƙerar kuɗi ta Filadelfiya a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma alhaji bai damu da wannan ba. Sunan Makka da ke jiki ya isa ya sa a ajiye shi a matsayin tsaraba, a ƙi kashe shi. A 1953 hukumar kuɗin Saudiyya ta fito da takardun rasit na alhazai don ta sauƙaƙe musu ɗaukar azurfa, mutane suka riƙa ciniki da su, daga nan kuɗin takarda ya samu shiga, zamanin riyal na azurfa ya fara ja da baya.

Kuɗin 'yanci da abin da ya cinye su

Sudan ta sami 'yanci ranar 1 ga Janairu 1956, fam ɗinta ya fito a 1957. A jikin tsabar akwai ɗan aiken gidan waya a kan raƙumi, hoton da ya riga ya shahara a kan kan sarkin ƙasar tun 1898. Rubu'in fam, girshi 25, takarda ce da mutane ke kira ɗarrada, kuma dattawa suna tuna lokacin da take cefanen gida. Najeriya ma ta buga nata a 1959, da taro mai kusurwa 12 da hoton auduga. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta zo, da tsabar kwabo 25, rubu'in naira, mai hoton gyaɗa da dalar gyaɗa irin ta Kano. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, hotonta ya rage a jikin wannan tsaba.

A daidai waɗannan shekaru Hajj Yusuf ta yi ta faɗaɗa, musamman bayan farin 1984 zuwa 1985 da yaƙin kudu, waɗanda suka turo jama'a daga kowane ɓangare zuwa gefen birni. Hauhawar farashi kuma ta bi kuɗin ƙasar ta cinye. A 1992 aka kawo dinari a kan fam goma. A 2007 aka dawo da sabon fam a kan dinari 100. Lissafin mai sauƙi ne: sai an tara ɗarrada 4,000 kafin a sami fam ɗaya na 2007, shi ma wannan fam ɗin yau ba ya sayen komai a kasuwa. Liyarin da aka ajiye tun zamanin kaka kuwa yana nan da azurfarsa. Wannan darasi ne da matan Sudan suka daɗe da sani, shi ya sa adon amarya a bikin jirtig yake cike da tsabar zinariya.

Me ke sa wa tsohon kuɗi daraja?

Masu tara tsoffin kuɗi suna duba abu uku: ƙarfen, ƙarancin, da lafiyar jikinsa. Babu inda wannan sha'awa ta bunƙasa kamar Amurka, kuma kwatar dala, senti 25, ta ishe mu misali. An fara buga ta a 1796, guda 6,146 kacal, shi ya sa samun ɗaya yau babban al'amari ne. A 1932 aka sa hoton George Washington don cika shekara 200 da haihuwarsa. A wannan shekara maƙerar Denba ta buga 436,800, ta San Faransisko 408,000, ta Filadelfiya kuwa fiye da miliyan biyar. Hoto ɗaya ne, shekara ɗaya ce, ɗan ƙaramin harafin da ke nuna maƙera shi ne ke raba mai tsada da mai araha. Har 1964 kwatar tana da kashi 90 cikin ɗari azurfa. Da aka koma tagulla da nikel a 1965, sai ta azurfar ta ɓace daga kasuwa ta koma akwatuna, daidai abin da ya faru a Omdurman zamanin Halifa da Kano a 1920. Daga 1999 zuwa 2008 kuma aka buga kwata ta musamman ga kowace jiha cikin 50, abin da ya jawo miliyoyin mutane, har da yara, cikin harkar.

In aka auna namu da wannan ma'auni, za a kauce wa yaudara ta ɓangare biyu. Shekarar 1780 da ke jikin liyari ba ta nufin ya shekara fiye da 240, domin an buga fiye da miliyan 300, a Biyana da Rum da Landan da Faris da Bombay, kuma Ostiriya tana buga shi har yanzu. Mafi yawansu darajarsu ta azurfarsu ce, giram 23 da ɗoriya. Kwabon Edward na Takwas yana da labari mai daɗi, amma an buga shi da yawa, ba ya tsada. Wanda ya zo yana cewa tsohon kwabo zai sayi gida, a yi hattara da shi. A ɗaya ɓangaren kuma, baƙin riyal ɗin Halifa ko ɗan ƙaramin kuɗin Ali Dinar, wanda mai awon azurfa zai ture gefe, yana iya fin liyari mai walƙiya daraja a wurin masani. Babbar ɓarnar da ake yi ita ce gogewa da toka ko lemon tsami don ya yi haske, domin gogewa tana cinye rubutu, tana kuma zubar da farashi. Tsohon kuɗi da tsatsarsa ake son sa.

Akwai daraja ta huɗu da kasuwar gwanjo ba ta iya aunawa, kuma ita ce ta fi shafar mu. Hausawan Sudan sun sha jin ana tambayar yaushe suka zo, kamar jiya suka sauka. Taron 1915 da girshin Masar da rubu'in riyal na 1354, idan suna tare a gida ɗaya, kuma akwai wanda ya san sunan kakan da ya riƙe su da garin da ya baro, sun zama hujja ta zama da gumi na fiye da shekara ɗari. In aka raba su da labarinsu aka zuba a faranti a sashen kayan tarihi na kasuwar Omdurman, sun koma ƙarfe mai farashi kawai.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya sa wannan magana ta zama ta gaggawa. An wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Khartum, Gidan Halifa na Omdurman ma bai tsira ba, gidajen jama'a a Hajj Yusuf da sauran unguwannin gabashin Nilu sun sha ɓarna, iyalai sun watse zuwa Gadarif, Kassala, Masar, Chadi, wasu har Najeriya. Wanda yunwa ta sa ya sayar da azurfar gado ba abin zargi ba ne, don irin wannan rana aka ajiye ta. Amma abin da ya tsira ya ƙara zama amana. Da tsohuwar zuma ake magani. Duk mai irin waɗannan kuɗi ya ɗauki hotonsu gaba da baya da wayarsa, ya zauna da dattijon da ya rage a dangi, ya rubuta wane ne ya kawo su, daga wane gari, ta wace hanya, a zamanin wane sarki. Ƙungiyoyin Hausawa a Sudan da sassan tarihi na jami'o'in Kano, Zariya, Sakkwato da Yamai suna iya haɗa hannu su tattara waɗannan hotuna da bayanai wuri ɗaya. Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, yana buƙatar a fara shi ne tun masu labarin suna raye.